Shin Ko Kun San? Daga Motar Kara ta Yaran Zango Zuwa Jirgin Ƙasa Mai Gudu a Kan Tebur

Yau batunmu shi ne ƙera ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo, da gina musu layin dogo da tasha da gari, da yi musu fenti har su zama tamkar na gaske. A wasu ƙasashe wannan abin sha'awa ne na manya da yara, da kamfanoninsa da mujallunsa. A Zango da sauran ƙasar Daura, hannun da zai iya aikin yana nan tun tuni, a wurin yaran da ke haɗa motar kara da ta gwangwani.

Tushen abin a gida

Shin ko kun san cewa yaron da ya fere ɓawon kara, ya soka shi a cikin totuwa ya tayar da mota, ya riga ya san rabin wannan fasaha? Ya san firam, ya san gatarin taya, ya san cewa in ƙafa ɗaya ta fi 'yar'uwarta girma motar za ta riƙa karkacewa. Abin da ya rage masa shi ne awo.

Shin ko kun san cewa kayan da yaranmu ke tsinta, wato gwangwanin madara, langa-langa, waya, marfin kwalba da tsohon silifa da ake yanka taya da shi, 'yan'uwan kayan da aka fara wannan sana'a da su ne a Turai? Jiragen wasa na farko da suka yi kasuwa da fallen ƙarfe mai kwano-kwano aka yi su, irin na gwangwani.

Shin ko kun san cewa Zango tsohuwar fadar sarauta ce? Bayan jihadi, sarakunan Daura na gidan Haɓe sun zauna a Zango da Baure, kuma daga Zango aka ɗauko Malam Musa a 1904 ya zama Sarkin Daura. A 1911, shekarar da layin dogo ya iso Kano, Sarki Abdurrahman ya hau gadon sarautar Daura.

Shin ko kun san cewa duk tsawon zamanin Turawa da bayansa, tsohon layin dogo bai taɓa ratsa ƙasar Daura ba? Mutumin Zango, Baure, Sandamu ko Mai'aduwa da ke son hawa jirgi sai ya dangana da Kano ko wata tasha ta hanyar Nguru.

Shin ko kun san cewa a watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ya karɓi kwangilarsa? An tsara ya bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya kafin ya tsallaka Nijar.

Shin ko kun san cewa a watan Disambar 2019 aka aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura, wadda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina? Ga layi, ga jami'a, duk a ƙofar gida. Wannan ne ya sa batun ƙananan jirage ya wuce wasa a wurin ɗan Zango.

Yadda abin ya faro a duniya

Shin ko kun san cewa kamfanin Märklin na Jamus, wanda ya fi kowane suna a wannan fage, maƙerin kwano ne ya kafa shi a garin Göppingen a 1859? Da ƙananan kayan kicin na wasan 'yan mata ya fara. A 1891, a kasuwar baje koli ta Leipzig, kamfanin ya nuna jirgi mai wani da makulli yana gudu a kan layin da ake harhaɗawa gunduwa-gunduwa.

Shin ko kun san cewa a Amurka, Joshua Lionel Cowen ya kafa kamfanin Lionel a birnin New York a 1900, kuma jirginsa na farko mai lantarki an yi shi ne don ya riƙa zagayawa a tagar kanti ya jawo masu saye? Sai mutane suka bar hajar suka nemi sayen jirgin.

Shin ko kun san cewa a Ingila, Frank Hornby na birnin Liverpool ya fito da jiragensa a 1920, kuma har yau sunansa na kan kwalayen jiragen da ake sayarwa? Ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Landan an kafa ta tun 1910. Ta Amurka, wato NMRA, wadda ke tsara ƙa'idojin awo domin kayan kamfanoni daban-daban su dace da juna, an kafa ta a 1935.

Shin ko kun san cewa mafi girman shimfiɗar ƙananan jirage a duniya tana birnin Hamburg na Jamus? Sunanta Miniatur Wunderland. Tagwaye biyu, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe ta a 2001. Tsawon layinta ya haura kilomita 16, jiragenta sun haura 1,000, kuma duk bayan minti 15 ana sauya fitilu dare ya yi, gari ya sake wayewa.

Shin ko kun san cewa an daɗe ana koyar da ma'aikatan jirgi na gaske da ƙananan jirage? A 1912 wani kamfanin jiragen ƙasa na arewacin Ingila ya gina shimfiɗa domin horar da masu ba jirgi hannu. An yi ta koyarwa da ita har 1995, kuma yanzu tana gidan tarihin jiragen ƙasa na birnin York, tana aiki.

Shin ko kun san cewa ɗaliban jami'ar MIT ta Amurka sun kafa ƙungiyar ƙananan jirage a 1946, suka riƙa sarrafa layinsu da tsofaffin na'urorin wayar tarho, kuma daga cikinsu aka samu wasu daga gwanayen kwamfuta na farko?

Awo, uwar aiki

Shin ko kun san cewa abin da ya raba kayan wasa da samfuri na gaske shi ne ma'auni ɗaya tak da ake bi daga farko har ƙarshe? Mafi shahara shi ne HO, inda ake raba kowane tsawo gida 87. Mutum mai tsawon mita 1.74 zai dawo santimita 2, ɗaki mai faɗin mita 4 ya dawo santimita 4.6, kukar da ta kai mita 15 ta dawo santimita 17.

Shin ko kun san cewa akwai wasu ma'aunan? Akwai OO na Ingila, kashi 1 cikin 76. Akwai N, 1 cikin 160, mai layi milimita 9. Akwai Z, 1 cikin 220, mai layi milimita 6.5, wanda Märklin ya fito da shi a 1972. Akwai G, mai layi milimita 45, wanda ake shimfiɗawa a tsakar gida ko lambu.

Shin ko kun san cewa da za a gina layin Kano zuwa Maraɗi gaba ɗayansa a ma'aunin HO, sai an nemi fili mai tsawon fiye da kilomita 3? Shi ya sa magina ke zaɓen yanki ɗaya, kamar tasha da kewayenta, su matse nisan da ke tsakani.

Shin ko kun san cewa gudu ma yana da awo? Jirgin da ke kilomita 87 a awa, in an mayar da shi HO, santimita 28 kawai zai ci a daƙiƙa ɗaya. Sabon shiga yakan sake wa jirgi wuta. Gwani kuwa a hankali yake tayar da shi, domin a ji nauyin kaya a idon mai kallo.

Shin ko kun san cewa Nijeriya na da faɗin layi iri biyu? Tsohon layi milimita 1,067 ne, wato ƙafa 3 da inci 6. Sabon layi, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, milimita 1,435 ne. Raba 1,435 gida 87, za ka samu 16.5, daidai faɗin layin HO da ake sayarwa. Mai son tsohon layin Kano kuwa, layi mai milimita 12 ne ya fi dacewa da shi. Magina na Afirka ta Kudu da Japan da New Zealand duk sun sha wannan lissafi, domin faɗin layinsu ɗaya da na tsohon layinmu.

Shin ko kun san cewa mai farawa da kara da kwali ba ya bukatar waɗannan lambobi masu wuya? Ya ɗauki 1 cikin 50, kowace mita ta zama santimita 2, ko 1 cikin 100, kowace mita ta zama santimita 1. Rular makaranta ta wadatar.

Tarihinmu da ke jiran mai ƙerawa

Shin ko kun san cewa layin Baro zuwa Kano an fara shi a 1907, zamanin Gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan layin dogo ne? Ya iso Kano a 1911. Daga baya layi ya kai Kauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964. Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya an kafa ta a 1955.

Shin ko kun san cewa Turawa auduga suka sa rai jirgi zai kwasa daga Kano, amma manoma da 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata suka karkata ga gyaɗa? Daga nan dalar gyaɗa ta samo asali. Tashar Kano da dala a gefenta, da taragai a jere, da leburori da raƙuma, shimfiɗa ce da za ta tsayar da duk mai wucewa.

Shin ko kun san cewa an taɓa yin ɗan siririn layi mai faɗin milimita 762 daga Zariya zuwa Jos domin ɗauko kuza? An kammala shi a 1914, aka rufe shi a 1957. A ma'aunin HO, layi mai milimita 9 ne ke wakiltarsa.

Shin ko kun san cewa bayan Yaƙin Duniya na Biyu an kawo wa Nijeriya jerin kawunan jirgi masu aiki da kwal da tururi waɗanda aka raɗa wa sunayen koguna? Kwal ɗin daga Inugu ake haƙo shi. A Ebute Metta ta Legas akwai gidan Jaekel, inda ake ajiye hotuna da kayan tarihin layin dogo, abin da mai ƙira ke bukata kafin ya ɗauki wuƙa.

Gina ƙasa da gari

Shin ko kun san cewa shimfiɗar da aka fi farawa da ita falanki ɗaya ne mai ƙafa 4 da ƙafa 8? A HO, kwanar da aka saba tana da inci 18 daga tsakiya zuwa layi, kuma hawa bai kamata ya wuce santimita 2 ko 3 a kowace mita ba. In ya wuce, ƙafafun jirgi sai su riƙa sulɓi.

Shin ko kun san cewa layin da kansa shi ne wayar wuta? Ƙarfe ɗaya na kawo wuta, ɗaya na mayarwa, ƙafafun jirgi na ɗauka su kai wa ɗan injin da ke ciki. Abin da aka saba bai wuce bolt 12 ba, daidai da batirin mota ko na ƙaramar sola. Kada yaro ya kuskura ya haɗa layi da wutar gida kai tsaye.

Shin ko kun san cewa akwai tsarin zamani mai suna DCC, wanda kamfanin Lenz na Jamus ya ƙirƙiro, da ke ba kowane kan jirgi lambarsa? Da shi jirage da yawa ke tafiya a layi ɗaya, kowa da nasa gudu, da fitila da ƙarar oda.

Shin ko kun san cewa ƙasar da ta fi kama da ƙasar Zango ita ce ƙasar Zango? A ɗebo rairayi, a busar, a tankaɗe da rariya mai laushi, sannan a bi shi da maganaɗisu. Akwai ɓurɓushin ƙarfe a cikin yashi, kuma in an bar shi injin jirgi zai zuƙe shi ya lalace. A barbaɗa, a ɗiga farin gam da aka sirka da ruwa da ɗigon sabulu, a bar shi ya kwana.

Shin ko kun san cewa bishiya da murɗaɗɗiyar waya ake yin ta, a yi mata ganye da dakakken soso ko garin katako da aka rina? A nan ake gane mai lura. Gawo da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Kuka da rani tsirara take. Goriba tana rassa, giginya ba ta yi. Wanda ya sa koren gawo a tsakiyar gonar gero mai bunni, manomi zai gane kuskuren da kallo ɗaya.

Shin ko kun san cewa ƙananan abubuwa ne ke ba shimfiɗa rai? Zankwaye a kan soro, indararo, bakin azara da ya leƙo, rumbu da hular ciyawa, dangar kara, amalanken shanu, rijiya da gugarta, rumfar mai shayi a bakin tasha, tulin buhunan wake da riɗi. Wanda ba ya son siffanta abu mai rai yana iya gina gari cikakke da waɗannan kaɗai.

Tsufantar da sabo

Shin ko kun san cewa mataki mafi wuya shi ne mayar da sabon abu ya yi kama da wanda ya sha aiki? Jirgin da ya fito daga kwali yana ƙyalli, ido ba ya yarda da shi. Wanda ya yaɗa wannan fasaha shi ne John Allen, mai ɗaukar hoto daga Monterey ta jihar Kalifoniya. Ya rasu a Janairun 1973, kuma bayan kwana 10 gobara ta cinye shimfiɗarsa. Hotunanta ne suka rage, har yau ana koyo da su.

Shin ko kun san cewa datti ma yana da ƙa'ida? Ƙura daga ƙasa take tasowa, don haka ta fi yawa a ƙafafu da gindin tarago. Kunkunniya a kan rufi take, kewaye da bututun hayaƙi. Baƙin mai a bakin tanki da mahaɗar ƙafafu yake taruwa. Tsatsa daga kan ƙusa da kusurwa take farawa, ruwan sama ya ja ta ƙasa a miƙe. Rana kuma rufi da kafaɗun tarago take fara koɗewa.

Shin ko kun san cewa hanyoyin aikin uku ne manya? Na farko, a sirka fenti ya yi ruwa-ruwa, a shafa, ya gangara cikin tsagogi ya fito da su. Na biyu, a tsoma buroshi a fenti, a goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, a shafi gefuna sama-sama. Na uku, a niƙa alli mai launi ya zama gari, a bi da buroshi mai laushi. Daga ƙarshe a fesa abin rufi marar ƙyalli domin kada hannu ya goge aikin.

Shin ko kun san cewa mafi yawan kayan tsufantarwa suna cikin gidajenmu? Garin gawayi yana ba da hayaƙi, toka tana ba da hazo, niƙaƙƙiyar jar ƙasa tana ba da ƙurar hanya. In aka jiƙa soson ƙarfe a cikin binega na 'yan kwanaki, ana samun tsatsa ta gaske da za a shafa.

Shin ko kun san cewa gishiri na fitar da kamannin fentin da ya ɓare? A fara shafa launin tsatsa, a jiƙa wurin kaɗan, a barbaɗa gishiri, a fesa fentin sama. In ya bushe sai a karkaɗe gishirin, tsatsa ta leƙo ta ƙananan ramuka.

Shin ko kun san cewa kowace ƙasa da irin tsufanta? Jirgin Ingila danshi ke cin sa, ya yi baƙi-baƙi. Namu rana da ƙurar hunturu ke cin sa: kore da rawayan taragon Hukumar Jiragen Ƙasa su koɗe, fari-farin hazo ya kwanta a kan gilashi da rufi. Wanda ya kwafi littafin Turai bai dubi jirgin Kano ba, jirgin wata ƙasa zai ƙera.

Shin ko kun san cewa kuskuren da aka fi yi shi ne cika hannu? Ƙa'idar gwanaye ita ce a ajiye hoton abin na gaske a gaba, a sa kaɗan, a ja da baya a duba, sannan a ƙara. Da ma an ce sannu ba ta hana zuwa.

Shin ko kun san cewa ƙurar da ake zanawa a jikin jirgi ado ce, amma ta kan layi cuta ce? Tana yanke wuta jirgi ya tsaya. Da hunturu a lulluɓe shimfiɗa da zane, a riƙa goge saman layi. A ɗaga falanki daga ƙasa saboda gara, a lanƙwashe bakin gwangwani saboda yanka, a wanke hannu bayan an taɓa dalma.

Abin da ya rage gare mu

Shin ko kun san cewa Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya yi karatu a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi da kuma birnin Detroit, shi ya zana siffar motar Chevrolet Volt ta kamfanin General Motors, kuma a 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar ƙera motoci ta Nijeriya? Zane da awo suka kai shi.

Shin ko kun san cewa shimfiɗa ɗaya tana koyar da lissafin kashi, da wutar lantarki, da kafinta, da zane, da labarin ƙasa, da tarihi a lokaci guda? Zariya tana da Cibiyar Fasahar Sufuri tun 1986, Daura ta samu jami'a, amma ɗalibin da zai cika su daga firamare ake rainonsa.

Don haka kira gare ku iyaye: in kun ga yaro ya duƙufa kan kara da gwangwani bayan ya gama karatunsa da aikensa, ku saya masa rula da fensir da gam. Malaman makarantun Zango, Baure, Sandamu, Mai'aduwa da Daura, ku ware falanki ɗaya a aji, ku sa ɗalibai su auna garinsu su gina shi da tasharsa. Maƙera da kafintoci da masu gyaran rediyo, ku buɗe wa yaran unguwa ƙofa su koyi yanka da liƙi da haɗa waya. Layin dogo zai bukaci direbobi da injiniyoyi da masu gyara, kuma ya kamata 'ya'yan ƙasar Daura su kasance cikin sahun gaba.